Yadda Ake Zaɓen Tsarin Kuɗin Wutar Gida Idan Kana da Mota Mai Amfani da Lantarki

Daga ranar da mota mai lantarki ta shigo gida, ita ce za ta zama babbar mai shan wuta a gidan. A gidaje da yawa abin da take sha a shekara yakan kai rabin abin da firji da fitilu da injin wanki da sauran kaya suke sha gaba ɗaya, wani lokaci ma ya wuce. Saboda haka tsarin farashin da kake kai tun kafin ka saye ta ba lallai ne ya ci gaba da dacewa da kai ba. Na yi wannan lissafi sau da yawa, na kaina da na 'yan'uwa da abokai, kuma kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya hango farashin dare mai araha a talla, ya sa hannu nan take, bai duba abin da aka ƙara masa a farashin rana ba. Kuɗin da za ka biya na gidan ne gaba ɗaya na shekara guda, kuma shi za mu lissafa.

Abubuwan da za ka tanada

Ka nemo takardun kuɗin wuta na wata goma sha biyu da suka wuce. Shekara cikakkiya ake so, domin shan wutar lokacin zafi daban yake da na lokacin sanyi. Idan mitarka ta saye-kafin-sha ce, tarihin sayen yunit ɗinka zai yi. Sai adadin kilomitar da kake yi a shekara, da littafin motar ko manhajarta, da bayanin cajar da ke gidanka, wato ƙarfinta. Ka samo cikakkiyar takardar farashin kowane tsari da kake dubawa, wadda take ɗauke da sharuɗɗa, ka ajiye takardar talla gefe. Sai biro da takarda da kwakuleta. Idan kana da mita mai wayo, wadda take aika wa kamfani karatunta da kanta, ka sauko da bayanin shan wutarka na awa-awa, zai rage maka rabin aikin.

Kalma biyu kawai nake so ka riƙe. Kilowat ƙarfin jan wuta ne a lokaci guda, kamar faɗin bakin famfo. Kilowat-awa kuma shi ne yawan wutar da aka sha, kamar ruwan da ya taru a bokiti, kuma shi ake kira yunit. Caja mai kilowat 7 idan ta yi awa ɗaya tana aiki ta sha yunit 7.

1. Gano yunit nawa motar take sha a gida

Yawancin motocin lantarki na iyali suna shan yunit 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100. Ƙananan motoci suna ƙasa-ƙasa, manya da masu gudun babbar hanya suna sama. Ka ɗauki lambar da allon motarka yake nuna maka, don ta fi ta kamfani gaskiya game da irin tuƙinka. Idan ba ka sayi motar ba tukuna, ka yi aiki da 18.

Ninka wannan da kilomitarka. Mai yin kilomita 12,000 a shekara da motar da take shan 17 yana buƙatar yunit 2,040. Amma ba duk wutar da ta fita daga mita take shiga batir ba, wani kaso yana zama zafi a waya da na'urar cajin da ke cikin motar. Ƙara kashi 10 cikin ɗari a kai, idan kuma da soket na bango kake caji ka ƙara 15. Ka ga mun kai wajen yunit 2,250.

Daga nan ka cire abin da kake caji a waje, a wurin aiki ko tashoshin caji na hanya. Mutane suna yawan mantawa da wannan. Wanda yake samun caji a ofis kwana huɗu a mako, motarsa ba ta da nauyi sosai a kan mitar gida, kuma wannan kaɗai yana iya sauya amsar gaba ɗaya.

2. Gano lokacin da gidanka yake shan wuta

Jimlar yunit na shekara tana cikin takardunka. Abin da ba ya ciki shi ne lokaci: nawa aka sha da rana, nawa da yamma, nawa cikin dare. Mai mita mai wayo zai ga wannan a manhaja, domin irin waɗannan mitoci suna rubuta karatu duk rabin awa ko duk minti 15.

Idan mitarka ta da ce, akwai hanya. Karanta ta lokacin da za ka kwanta, ka sake karantawa da asuba, ka yi haka kwana bakwai a jere ba tare da ka yi cajin mota ba a waɗannan dararen. Bambancin shi ne shan daren gidanka. Ka haɗa da Asabar da Lahadi a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: idan akwai wanda yake aiki daga gida, ko na'urar sanyaya ɗaki tana aiki tun azahar har magariba, ko da lantarki ake girki, ka rubuta, domin waɗannan su ne abubuwan da ba za su matsa zuwa tsakar dare ba komai arahar wutar.

3. San ire-iren tsarin da ake sayarwa

Sunaye suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ginin kusan ɗaya ne.

Akwai farashi ɗaya dare da rana. Ba shi da wahala, ba shi kuma da rangwame ga mai caji da dare.

Akwai mai hawa-hawa, inda yunit na farko-farko a wata suke da sauƙi, idan ka wuce wani adadi farashin ya ɗaga. Wannan shi ne mafi cutar da mai mota, don motar tana tura gidan zuwa matakin sama, kuma duk yunit ɗin da ta sha da farashin saman za a lissafa shi.

Akwai mai bin lokaci, wanda yake da awannin araha da awannin tsada. Dalilinsa shi ne cikin dare masana'antu da gidaje sun yi shiru, tashoshin samar da wuta da layuka suna da sarari, sai a rage farashi don a jawo mutane zuwa wannan lokaci. A Birtaniya akwai tsohon tsarin Economy 7 mai awa bakwai na araha da dare. A Faransa awannin araha takwas ne a rana. A Sifen, tun watan Yuni na 2021, an raba yini gida uku, mafi araha daga sha biyun dare zuwa takwas na safe, da kuma ranakun ƙarshen mako gaba ɗaya. A jihar Kalifoniya ta Amurka lokacin tsada a tsare-tsare da yawa daga huɗu na yamma ne zuwa tara na dare.

Akwai wanda aka yi musamman don masu motar lantarki. Awannin araharsa sun fi gajarta, huɗu zuwa shida galibi, amma rangwamen ya fi zurfi. A wani nau'insa kai za ka faɗa wa manhaja cewa kana son batir ya kai kaza kafin ƙarfe bakwai na safe, kamfani ya zaɓi lokacin da zai kunna cajin.

Sai na ƙarshe, mai bin kasuwa, wanda farashinsa yake sauyawa kowace awa ko ƙasa da haka, ana sanar da na gobe tun yau. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta ba masu mita mai wayo damar neman irin wannan kwantiragi. Ranar da iska take kaɗawa sosai ko rana ta buɗe, tashoshin iska da na sola suna samar da wuta da yawa, sai ta yi araha ƙwarai, ranar ƙarancin wuta kuma farashin yana iya ninkawa. Ba na ba sabon shiga shawarar fara da shi. Ka yi shekara a kan mai bin lokaci tukuna, ka san halin gidanka.

4. Duba ko awannin araha za su ishe ka

A nan ƙarfin caja yake shigowa. Soket na bango a ƙasashen da ke amfani da bolt 230 yana ba da wajen kilowat 2.3. Cajar bango ta layi ɗaya tana kai 7.4, ta layi uku kuma 11, wasu 22. A ƙasashen da ke kan bolt 120, soket na bango na yau da kullum wajen kilowat 1.4 kawai yake bayarwa. Ka kuma duba littafin motar, don ita ma tana da iyakar abin da take karɓa: motar da iyakarta 7.4 ce, ko ka sa mata caja mai 22 ba za ta ja fiye da haka ba.

Ninka ƙarfin da awannin araha. Kilowat 7.4 sau awa biyar ya ba da yunit 37, wanda bayan asara zai kai ka kusan kilomita 190. Da soket na bango kuwa, awa biyar yunit 11 da rabi ne kawai, wajen kilomita 60. Idan tafiyarka ta kullum kilomita 40 ce, ko soket ɗin ya wadatar. Idan 100 ce, to ko dai ka sa cajar bango, ko ka nemi tsari mai dogon lokacin araha ko da rangwamensa bai kai ba.

Kada ka auna da girman batir gaba ɗaya. Mutane suna cewa batirina yunit 60 ne, awa biyar ba za ta cika shi ba. Ai ba kullum kake dawowa gida da batir a ƙarshe ba. Abin da ka ƙona a yinin nan shi kake mayarwa. Tafiya mai nisa kuma ana iya fara tara mata caji tun dare biyu kafin ranar.

5. Yi lissafin shekara

Wannan shi ne zuciyar aikin, ka ba shi lokaci. Zan yi amfani da lambobin misali don ka ga hanyar, kai kuma ka sa naka. Mu ce a tsarin farashi ɗaya kowane yunit 100 ne. A tsarin mai bin lokaci kuma na rana 115, na dare 40.

Tambayar farko: kashi nawa na wutar gidan dole ya koma dare kafin sauyin ya biya? Cire farashi ɗaya daga na rana, 115 a cire 100, saura 15. Cire na dare daga na rana, 115 a cire 40, saura 75. Raba 15 da 75, ka sami kashi 20 cikin ɗari. Ma'ana idan fiye da kashi 20 na dukkan wutarka za ta faɗo cikin awannin araha, ka ci riba. Idan ƙasa da haka ne, ka yi asara. Wannan ɗan lissafi yana aiki da kowane tsari mai farashi biyu, kuma cikin minti ɗaya yake tace maka waɗanda ba su cancanci ka ɓata lokaci a kansu ba.

Yanzu ga gida na farko. Yana shan yunit 3,000 a shekara, 300 daga ciki cikin dare. Motar tana shan 2,250, duk da dare. Jimla 5,250. A farashi ɗaya kuɗin 525,000 ne. A mai bin lokaci, yunit 2,700 na rana sun kama 310,500, yunit 2,550 na dare sun kama 102,000, jimla 412,500. An rage fiye da kashi ɗaya cikin biyar.

Ga gida na biyu. Babban iyali ne, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki da rana, suna shan yunit 5,000, 500 cikin dare. Mai gidan kilomita 4,000 kawai yake yi, rabin cajinsa kuma a wurin aiki, don haka motar ba ta wuce yunit 375 a gida ba. Daren gidan gaba ɗaya 875 ne cikin 5,375, kashi 16 ke nan. A farashi ɗaya zai biya 537,500, a mai bin lokaci 552,500. Tsarin da ya taimaki na farko ya cuci na biyu, alhali dukkansu masu motar lantarki ne, kuma talla ɗaya suka gani. Ga irin wannan gida, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Bayan wannan ka ƙara kuɗin da ake caja kullum ko duk wata ko ka sha wuta ko ba ka sha ba. Ninka na kullum sau 365 ka ɗora a kan jimlar kowane tsari. Ka tabbata duk farashin da kake kwatantawa ko dai duk da haraji a ciki, ko duk babu. Na taɓa kwatanta wani tsari da haraji da wani ba haraji, sai da na sake lissafin daga farko bayan na lura.

Idan tsarin yana da mataki uku, da lokacin tsada na musamman da yamma, ka ware yunit ɗin yamma daban. Wannan lokacin ne ake girki, yara suna gida, fitilu a kunne, kuma farashinsa yakan yi zafi sosai.

6. Duba ƙarfin layin gidanka

A wasu ƙasashe ba yunit kaɗai ake biya ba, har da iyakar ƙarfin da ka yi rajista da shi. A Italiya gidaje da yawa suna kan kilowat 3, a Faransa ana zaɓar mataki kamar 6 ko 9 ko 12, kuma kuɗin wata yana hawa da matakin. A Norwe tun 2022, da yankin Filandas na Beljiyam tun 2023, wani ɓangare na kuɗin layi ya dogara da mafi girman jan wutar da gida ya yi. A irin waɗannan wurare, kunna caja mai kilowat 11 tare da hita da injin wanki lokaci guda yana ɗaga kuɗin, ko da cikin awannin araha ne.

Maganin shi ne caja mai daidaita kaya, wadda ake ɗaura mata ɗan ma'auni a kan babbar wayar gida: idan gida ya ja wuta da yawa sai ta rage nata, idan ya sassauta ta ƙara. Idan taka ba ta da wannan, rage ƙarfin cajin a manhajar motar, ka bar shi ya ɗauki dare gaba ɗaya a hankali. Ko a inda ba a cajin ƙarfi, ka sa ƙwararren ma'aikacin lantarki ya duba babban fis da wayoyin gidan kafin a sa caja. Kada ka yi caji ta doguwar wayar jona-jona, awanni masu yawa na jan wuta mai ƙarfi suna dumama mahaɗa har ta narke.

7. Karanta sharuɗɗa kafin ka sa hannu

Ka nemi amsar waɗannan a rubuce. Farashin a tsaye yake na tsawon kwantiragi ko kamfani yana iya sauya shi, kuma da sanarwar kwana nawa? Akwai tarar fita kafin wa'adi? Farashin dare na gidan ne gaba ɗaya ko na motar kaɗai? Wannan tambaya ta uku tana da nauyi, don idan na gidan ne duka, injin wanki da hitar ruwa ma za su amfana. Sai an sa mita mai wayo, kuma wa zai biya? Idan tsarin da kamfani yake sarrafa caji ne, motarka ko cajarka tana cikin jerin waɗanda suke aiki da manhajarsu? Ka duba da ainihin samfuri da shekara, ka kuma tabbata intanet yana kaiwa inda kake ajiye motar.

Wasu kamfanoni suna ba da mita ta biyu ta motar kaɗai, gida ya ci gaba a tsohon tsarinsa. Ga gida na biyu da muka gani a sama, ko wanda yake kan farashi mai hawa-hawa, wannan na iya zama mafita, in dai kuɗin sa mitar da kuɗinta na wata bai cinye ribar ba.

8. Idan kana da sola, ko babu zaɓi a inda kake

Mai sola lissafinsa daban ne. Ka kwatanta abin da kamfani yake biyanka idan ka tura masa rarar wuta da abin da kake sayen yunit da dare. Idan abin da suke biya ya fi farashin dare ƙanƙanta, zuba rarar a mota da rana ya fi, muddin motar tana gida a lokacin. Idan ya fi shi yawa, sayar da ta rana ka sayi ta dare. Mai batir na gida kuma yana iya cika shi cikin awannin araha ya sha da yamma, wanda yake rage zafin farashin rana sosai.

Inda kamfanin wuta ɗaya ne tak, har yanzu ka tambaya, don sau da yawa yana da tsari fiye da ɗaya, kawai ba a tallata su. Inda kuma wuta take yawan ɗaukewa, awannin araha ba su da amfani idan babu wutar a cikinsu. A nan ka fifita caja mai ƙarfi wadda za ta kwashi abin da ya samu cikin ɗan lokaci, kuma ka gwada ko tana ci gaba da caji da kanta idan wuta ta dawo.

9. Bayan ka sauya

Saita lokacin caji a wuri ɗaya kawai, ko a motar ko a cajar. Ni na taɓa saita duka biyun da lokuta mabambanta, cajar tana jiran motar, motar tana jiran nata lokacin, na tashi da safe batir bai motsa ba. Idan kamfani ne yake sarrafa cajin, kashe jadawalin motar da na cajar gaba ɗaya.

A ƙasashen da ake sauya agogo sau biyu a shekara, ka tambaya ko awannin araha suna bin agogon bango, domin wasu mitoci ba sa sauyawa, sai ka riƙa yin awa guda na caji da farashin rana kowane dare ba ka sani ba. Iyakar cajin yau da kullum kuma ka bi littafin motarka: da yawa suna ba da shawarar kashi 80, masu batir nau'in LFP, wato mai sinadarin litiyam da ƙarfe da fosfet, kuma sukan so a cika su ɗari lokaci-lokaci.

Idan kana ɗumama ko sanyaya motar kafin fita, ka yi tana jone da caja, ka saita shi ya faɗo kafin awannin araha su ƙare in lokacin fitarka ya ba da dama.

Takardar kuɗin farko idan ta zo, zauna da ita. Duba yunit na dare da na rana, ka raba na dare da jimla, ka ga ko ya wuce kason da ka samu a mataki na biyar. Ka tabbata ba a juya karatun biyu ba, wato an lissafa na rana a matsayin na dare ko akasin haka, don yana faruwa, kuma gyaransa ya fi sauƙi a watan farko. Sannan ka rubuta ranar ƙarewar kwantiragin a wayarka, da tunatarwa wata guda kafin ta, ka ajiye takardar lissafin nan kusa don ka sake sa sababbin farashi a cikinta idan lokacin ya zo.